Madubin da Ya Tsage da Idon Malama Rifkatu

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya kawo majigin leza Maiduguri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka.

Yallaɓai, ban rubuta sunan kamfaninku ba. Ba tsoro ne ya hana ni ba, ƙananan ma'aikatanku nake dubawa, direbobi da masu gadi da masu ɗaukar kaya, waɗanda ba ruwansu da abin da ya faru. Amma a iya sanina majigin leza guda ɗaya ne ya taɓa shigowa garin nan, saboda haka kai ka san da kai nake. Sau uku ina aiko maka da takarda ta gidan waya, ko guda ba a amsa ba. Shi ya sa na fito fili ta jarida.

Sunana Bukar Aji, ina zaune a Mafoni. Shekara goma sha tara na yi ina haska fim a gidan silima. Da bidiyo ya shiga gidajen mutane sai kujeru suka zama wayam, mai silimar ya rufe, na koma ƙofar gida ina gyaran rediyo da fanka. Ana nan sai kamfaninku ya zo yana neman wanda ya san gilashi da haske. Aka kai sunana. Ranar da aka ɗauke ni, matata Falmata ta yi sadakar waina don murna. Ina faɗa maka wannan ne don ka san ban shiga aikinku da mugun nufi ba, kuma har yau ba maƙiyinku ba ne ni.

Ga abin da ya faru, bi da bi.

Na ɗaya: abin da aka koya mini.

Injiniyan da kuka aiko tare da na'urar ya yi kwana tara yana koya mini. Mutumin kirki ne, Hausarsa kaɗan ce, amma bai gaji da maimaitawa ba. Ya nuna mini cewa hasken leza yana fitowa siriri kamar zare, ya faɗa kan wasu madubai biyu da ba su wuce farcen babban yatsa ba. Madubai suna kaɗawa da gudun da ido ba ya iya bi, shi ya sa mai kallo ke ganin kifi ko fure ko igiyar ruwa a sama. Daga nan hasken ya ratsa wani gilashi da ke baza shi ya rage masa kaifi. Muddin madubai na kaɗawa, gilashin kuma lafiya lau, haske ba ya tsayawa a idon kowa. Amma in ya tsaya wuri ɗaya, wuta ce. Don in gani da idona, ya riƙe baƙin kwali a gaban na'urar ya tsayar da madubi. Kafin in ƙifta ido hayaƙi ya tashi.

Saboda haka akwai wani ɗan ƙarfe a ciki, muna kiransa ƙofa. Da zarar madubi ya tsaya ko ya yi gardama, ƙofar nan ta faɗo ta tare hasken. Injiniya ya kafa mini dokoki uku na kowace rana kafin a shigo da mutane. In kashe na'ura in duba madubai da gilashin da tocila. In rage ƙarfin haske in auna shi kan farar takarda, ɗigon ya fito zagaye, ba jela, ba gashi. Sannan in gwada ƙofa in ga ta faɗo. Ranar da zai tafi ya kama hannuna ya ce, "Ƙofa ba faɗi, kai ba kunna." Na yi dariyar Hausarsa, na ce masa na ji.

Na biyu: abin da na gani, da wanda na gaya wa.

Bara da bazara, ana tsananin zafi, aka ɗora na'urar a bayan babbar mota aka kai ta wasa wani gari, aka dawo da ita ta hanya mai ramuka, ba katifa ba komai a ƙarƙashinta. Washegari na auna haske kan takarda. Ɗigon ya fito da jela, kamar waƙafi. Na kashe, na haska tocila. A kusurwar madubin ƙasa akwai tsaga siririya kamar silin gashi, kusa da ita fuskar madubin ta yi duhu kamar an ɗora mata wutar taba. Gilashin da ke baza haske kuma ya ɓantare a gefe, yana motsi a mazauninsa in an taɓa shi. Wanda bai saba ba ba zai gani ba. Ni na yi shekaru ina neman irin wannan a gilashin majigi, idona ya saba.

Na gaya wa wakilinku na nan, Malam Isiyaku, a take. Na kuma rubuta a littafin aiki. Ya ce za a aiko da sabo daga Legas, mu lallaɓa. Muka lallaɓa. Cikin makon sai ƙofa ta fara faɗowa ana tsakiyar wasa, zaure ya yi duhu, mutane su yi ihu. Yallaɓai, ba lalacewa ƙofar ta yi ba. Aikinta take yi. Madubin ne ke sarƙewa, ita kuma tana tare hasken kamar yadda aka ƙera ta ta yi. Na sake rubutawa. Da ta faɗo sau huɗu a wasa guda, Malam Isiyaku ya hau inda nake da ɗan guntun wayar tagulla a hannu, ya ɗaure ƙofar a buɗe da kansa.

Na ce, "Malam Isiyaku, Injiniya fa ya hana wannan."

Ya ce, "Malam Bukar, mutane haske suka zo kallo, ba duhu ba. In ba za ka iya ba ka faɗa, akwai masu so."

Na rubuta a karo na uku, har na ambaci wayar tagullar.

Na uku: laifina.

Ba zan ɓoye maka wannan ba, domin in na ɓoye ban cancanci ka saurare ni a kan sauran ba. Ni na kunna. Na san madubi ya tsage, na san ƙofa a ɗaure take, na sa hannuna na kunna. Na tuna shekarar da na yi a ƙofar gida ina jiran mai kawo fanka, na tuna 'ya'yana mata uku, na ce wa kaina ai na rubuta, na fita haƙƙi. Abin da kawai na yi shi ne na ɗaga bakin na'urar sama kaɗan, na sa ɗan katako a ƙarƙashi, don haske ya riƙa wucewa bisa kan mutane. Na ɗauka hakan ya isa. Wannan yana wuyana, kuma zan amsa shi gaban Allah. Amma ba ni kaɗai zan amsa ba.

Na huɗu: wadda abin ya faɗa wa.

Malama Rifkatu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha huɗu. Mutuniyar kudancin Borno ce, Kirista, malamar aji uku a makarantar firamare. Mijinta akawu ne, ya rasu ya bar ta da yara biyu. Ranar da naƙudar haihuwar 'yata ta fari, Yagana, ta tashi ina can ɗakin majigi ban sani ba, ita ta nemo mota ta kai Falmata asibiti, ta zauna da ita har ta sauka. Tun daga ranar take kirana Baban Yagana. Duk 'ya'yana a tabarmarta suka koyi haɗa baƙi. Idonta na hagu tun tana ƙarama ƙyanda ta raunana shi, ba ta ganin komai da shi sai inuwa. Da na dama ta yi karatu, da shi ta yi shekara ashirin da biyu tana koyarwa.

Da kamfaninku ya shirya wasan rana don 'yan makaranta, ni na kai mata labari. Ni na nema wa ajinta wuri a tsakiya, inda ya fi kyaun kallo. Ina so yaran unguwarmu su ga abin da nake yi, su ce Baban Yagana ne ke fito da kifi a sama. Da yamma tana tsintar wake a tsakar gida ta tambaye ni.

Ta ce, "Baban Yagana, abin nan ba zai taɓa mini yara ba ko?"

Na ce, "Haba Malama, ai ni ne a kan na'urar."

Ta ce, "To shi ke nan, tunda kai ne."

Ranar Alhamis ce, da hantsi. An toshe tagogin zauren da baƙin ƙyalle, yara suna zaune kan tabarmi. Na saki koren kifi, ya yi ta shawagi bisa kansu, suna miƙa hannu suna son kamawa. Sai wata 'yar ƙarama ta tsorata ta fashe da kuka. Malama ta miƙe daga inda take zaune, ta tsallaka yara ta je ta ɗauke ta, ta saɓa ta a kafaɗa, ta juyo don ta koma. Juyowar nan ce ta sa ta fuskanci na'urar.

Kunnena ne ya fara ji. Madubin yana da wata 'yar ƙara kamar ta sauro in yana aiki, sai na ji ta yanke. Kifin ya dunƙule ya zama zare guda, zaren kuma ya sauko ƙasa da inda na saita shi. Na ga koren ɗigo a fuskarta. Na kai wa makunni duka. Tsakanin jina da kashewa bai fi jan numfashi ɗaya ba. Da ba a ɗaure ƙofar ba, da ta riga ni.

Ba ta yi ƙara ba. Ta dafe ido da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da yarinyar, ta durƙusa a hankali ta zauna. Da aka yaye ƙyallen tagogi ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙirga yaranta, amma na lura da hannu take taɓa kan kowanne. Na sauko na je wurinta. Ita ce ma take kwantar mini da hankali. Ta ce, "Wani kore-kore nake gani, kamar na kalli rana. Zai wuce."

Ka tuna, Yallaɓai, yarinyar da ke kafaɗarta bayanta ta juya wa na'urar. Sauran kuma zaune suke, hasken ya wuce bisa kansu da abin da bai kai kamu biyu ba.

Na biyar: abin da likita ya ce, da yadda take yanzu.

Bai wuce ba. Ran Litinin ta tsaya gaban allo ta yi rubutu, ta ja da baya don ta karanta wa yara, ta ga tsakiyar kalmar babu. Ni da Falmata muka raka ta asibiti. Likita ya ɗiga mata magani, ya leƙa ya daɗe, sannan ya tambaye ni aikina. Da na faɗa masa sai ya ce to zan gane da sauri: a can bayan ido akwai wurin da hoto ke sauka kamar farin bangon silima, kuma a idonta na dama tsakiyar wurin ne ya ƙone. Tabarau ba ya gyara wannan, fiɗa ma ba ta gyarawa. 'Yan cocinsu suka haɗa hannu aka kai ta babban asibitin ido a wani gari. Maganar ɗaya ce.

Malama ba ta makance ɗungurungum ba, kuma wannan ne mutanenku suka riƙe suna cewa ai tana tafiya da ƙafarta. Gaskiya ne, tana tafiya. Tana ganin gefe-gefe. In ka tsaya gabanta za ta ga hularka da rigarka, amma inda fuskarka take baƙin tabo ne. Duk abin da ta kalla kai tsaye shi ne ke ɓacewa. Ba ta iya karanta littafi, ba ta iya duba aikin yara, ba ta iya zura zare a allura. Ta yi wata biyu tana zuwa makaranta tana koyarwa da ka, har ranar da ta kira wani yaro da sunan ɗan'uwansa, aji ya yi dariya ba da mugunta ba. Ta dawo gida ta ce wa Falmata ta gama. 'Yarta Hannatu, wadda ke kwalejin horon malamai, ta ajiye karatu ta dawo tana kula da ita.

Ran Lahadi nakan ji ta ta bayan katanga tana shirin coci. Har yanzu takan ɗauki littafin waƙoƙinta ta tafi da shi. Hannatu ta ce buɗewa take ta riƙe, ta rera da ka, wani lokaci ma a juye yake, ba mai iya gaya mata.

Ni kuwa na yi wata uku ina zagaye ta bayan layi don kada in bi ta ƙofarta. Ita ta aiko a kira ni. Na shiga na tsuguna, na gaya mata komai, har da tsagar, har da wayar tagulla, har da cewa na sani lokacin da ta tambaye ni. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Da ka gaya mini, da ban kai su ba." Washegari ta aiko mana da miyar yakuwa kamar yadda ta saba.

Na shida: abin da kamfaninku ya yi.

A yinin da abin ya faru Malam Isiyaku ya kwance wayar tagullar ya sa a aljihu, ya ɗauke littafin aiki. Bayan kwana huɗu aka ba ni takardar sallama, wai na yi sakaci ban duba na'ura ba. Da ɗan'uwan Malama ya je ofishinku, aka ce masa ai dama tana da ciwon ido tun tana yarinya. Har yau ba wanda ya taka ƙofarta daga wajenku ya ce sannu.

Abin da Malam Isiyaku bai sani ba, tun a silima na saba rubuta rahoto da takardar kabon a ƙasa. Kwafen rahotannin nan uku suna wurina, da sa hannunsa a kan biyu daga ciki.

Wannan duka da na iya haɗiye shi. Abin da ya tashe ni rubutu shi ne, makon jiya na haɗu da ɗaya daga cikin direbobinku a tasha. Ya ce na'urar tana nan tana yawo gari-gari, ana tara 'yan makaranta. Na tambaye shi ko an sake madubi. Ya ce shi dai bai ga wani akwati ya zo daga Legas ba, kuma wanda aka sa a gurbina kwana biyu aka koya masa. Na tambaye shi ko yana ganin sabon yana auna haske da farar takarda. Ya ce wace takarda?

Saboda haka, Yallaɓai, ga roƙona.

Ka tsayar da na'urar nan yau, duk inda take. Kada a sake kunna ta sai wanda ya san aikin ya buɗe ta ya sake madubin da gilashin, ya tabbatar ƙofa na faɗowa.

Ka sa a rufe ƙofar nan cikin akwati mai hatimi, yadda ba manaja ba ma'aikaci da zai iya kai hannu ya ɗaure ta. In akwai hanyar da na'ura za ta gane da kanta cewa madubi ya tsage ko gilashi ya goce ta ƙi tashi, ku nemo ta. Na gani a kaina cewa mutum yana iya ganin ɓarna da idonsa ya kuma kunna saboda tsoron yunwa. Ƙarfe ba ya jin wannan tsoron.

Ka mai da duban kullum doka, mutum biyu su sa hannu, kuma rahoton ɓarna ya riƙa zuwa teburinka kai tsaye, ba ya tsaya hannun wanda wasan ke yi wa amfani ba. Ka rubuta a fili cewa duk ma'aikacin da ya ƙi kunnawa saboda ya ga tsaga, ba za a kore shi ba. Bayan kowace tafiya a mota a sake dubawa tun daga farko. Kada kuma a sake sako haske ƙasa da tsawon mutum a tsaye da hannunsa a sama.

Ka ɗauki nauyin Malama Rifkatu yadda ya kamata, har Hannatu ta samu ta koma karatunta. Ka zo da kanka, ko ka aiko babba, a zauna a tabarmarta a gaya mata gaskiya: na'urarku ce, ba ƙyanda ba.

Nawa kuwa kaɗan ne. Ba na neman aikina, ba zan ƙara taɓa majigi ba. A gyara takardar sallamata kawai. A rubuta cewa na duba, na gani, na faɗa, sannan na kunna. Wannan ita ce gaskiya, kuma ta fi abin da kuka rubuta nauyi a kaina, amma ita nake so 'ya'yana su tarar.

Kafin in aika wasiƙar nan na kai wa Malama, na karanta mata daga farko har ƙarshe, domin sunanta da sirrinta ne a ciki. Akwai wani layi da na yi wa Malam Isiyaku mugun baki, ta ce in cire, shi ma yana da 'ya'ya. Na cire. Sannan ta ce in ba ta biro za ta sa hannu a matsayin shaida. Hannatu ta ɗora mata yatsa a kan layin. A ainihin takardar da za ta iso ofishinka za ka ga sa hannunta ya faro daidai, sannan ya gangara ya hau kan nawa sunan. Da ta gama ta ɗago ta tambaye mu ko ya miƙe. Hannatu ta ce ya miƙe, Mama. Ni kuwa na naɗe takardar.

Allah ya ba ka ikon yin abin da ya dace tun kafin a sake tara wasu yaran. Allah ya tsare maka ganinka da na 'ya'yanka, ya yafe mana baki ɗaya, ya ba Malama Rifkatu haƙuri da sauƙi.

Wassalam.

Naka,
Bukar Aji,
Mafoni, Maiduguri.